Faifan da Tommy ya tare wa rana: muhawara kan S.F. Sorrow

Kawu Sule: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya ina kwashe tarkace daga ɗakin ajiya saboda ɗigar ruwa, sai na ci karo da akwatin faifaina na garmaho. Gara ta taɓa wasu, amma ta bar mini wanda na fi so: S.F. Sorrow na ƙungiyar The Pretty Things, wanda ya fito a Ingila a ƙarshen 1968. Na saye shi na hannu a Landan lokacin da nake karatu, a wani shago da ake zuba tsofaffin faifai cikin kwali. Mai shagon ma bai kalli abin da na ɗauka ba, kuɗinsa kawai ya karɓa. Ina so in ji, akwai wanda ya san shi a nan? Domin ni a ganina, cikin duk faifan da Turawan Ingila suka yi a zamanin kiɗan saikadelik, babu wanda aka zalunta kamarsa. Kowa ya san Sgt. Pepper na Beatles, kowa ya san Tommy na The Who, wannan kuwa in ka ambace shi sai a kalle ka.

Binta Zariya: Wa alaikumus salam Kawu. Ni ko sunan ƙungiyar ban taɓa ji ba. Kuma mene ne saikadelik ɗin? Ku riƙa tausaya wa yara.

Mai Jita: Binta, salon kiɗan rok ne da ya tashi wajen 1966 zuwa 1969. Makaɗan suna son sauti ya yi kama da mafarki ko jiri. Sai su juya tef baya, su rage masa gudu ko su ƙara, su shigo da kayan kiɗan Indiya, murya ta fito ta kunnen hagu ta koma dama. Kawu na san faifan, yana cikin wayata ma. Amma “zalunci” kalma ce babba, bari mu ji hujja.

Kawu Sule: To ga hujja ta farko. Su waye mutanen? Dick Taylor, mai jitarsu, makarantar sakandare ɗaya suka yi da Mick Jagger a Dartford, sannan kwalejin zane-zane ɗaya da Keith Richards a Sidcup. Shi ne ya fara riƙe jitar bes a The Rolling Stones, ya bar su a 1962 don ya ci gaba da karatunsa, Bill Wyman ya gaje shi. A 1963 ya haɗu da mawaƙi Phil May suka kafa tasu, suka ɗauko sunan daga wata waƙar Bo Diddley. Sunan yana nufin abubuwa kyawawa, amma shaƙiyanci ne, don a lokacin babu 'yan kiɗan da iyaye ke ƙyama kamarsu. An ce in aka jera su da Stones, sai Stones su zama kamar 'yan makarantar allo ranar sauka. A 1964 waƙarsu Don't Bring Me Down ta shiga goma na sama a Ingila. Wato ba 'yan bayan fage ba ne, da su aka fara.

Abdul Manchesta: Kawu barka da dare. Na san inda za ka, tun kafin ka isa bari in tare ka. Za ka ce The Who sun sace musu basira suka yi Tommy. Wannan maganar an shekara hamsin ana yinta, kuma ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba.

Kawu Sule: Ɗana, ban kai can ba tukuna, ka bar ni in ɗaure akuyata. Faifan nan labari ɗaya ne daga waƙar farko zuwa ta goma sha uku. Phil May ne ya rubuta gajeren labari, aka gina waƙoƙin a kansa. An haifi yaro, Sebastian F. Sorrow, a gida mai lamba uku, a wani gari da ba a faɗi sunansa ba, garin da kowa ke cin abinci daga masana'anta ɗaya. Sunan yaron ma baƙin ciki yake nufi. Ya girma, ya shiga masana'antar, ya kamu da son yarinyar maƙwabta. Yaƙi ya zo aka ɗauke shi soja. Bayan yaƙi ya tsinci kansa a wata ƙasa da suka kira Amerik, ya aika wa yarinyar ta zo ta same shi. Ta hau jirgin balan-balan, yana tsaye yana jiranta, jirgin ya kama da wuta a sama a kan idonsa. Daga nan sai wani mai suna Baron Saturday ya zo ya karɓi idanunsa, ya kai shi yawo cikin ransa, ya nuna masa abin da ba ya son gani. Ya dawo bai yarda da kowa ba, ya tsufa shi kaɗai. Shi ke nan. Babu ceto, babu biki a ƙarshe.

Binta Zariya: Kai Kawu, wannan ai ya fi fim ɗin Indiya ban tausayi. Bari in nemo in saurara, zan dawo.

Hadiza Damagaram: Ina biye da ku. Jirgin nan da ya ƙone, ba Hindenburg ba ne?

Kawu Sule: Shi ne Hadiza, sun ɗan murɗe sunan ya zama Windenberg. Na gaskiyar jirgin Jamus ne, ya ƙone ran 6 ga Mayu 1937 a Lakehurst, jihar New Jersey, yana shirin sauka, mutum 36 suka mutu. Abin dariya ma, 'yan makonni bayan fitowar S.F. Sorrow, a Janairun 1969, Led Zeppelin suka fitar da faifansu na farko da hoton wannan gobarar a bango. Su suka sayar da miliyoyi. Waɗanda suka yi wa gobarar waƙa guda kuwa, shiru.

Abdul Manchesta: To yanzu zan iya magana? Tommy ya fito a Mayun 1969, na yarda S.F. Sorrow ya riga shi da wata biyar zuwa shida. Amma Pete Townshend, mai jitar The Who, tun 1966 ya yi A Quick One, While He's Away, waƙa mai minti tara da aka yanka gida-gida tana ba da labari ɗaya. Mutumin da ya yi haka shekara biyu kafin naku ba ya buƙatar leƙen takardar kowa. Shi da kansa ya musanta cewa faifan ya yi masa tasiri. Kuma in maganar wa ya fara ce, akwai wata ƙungiya ta Ingila mai suna Nirvana, ba ta Amurka ta su Kurt Cobain ba, da ta fitar da The Story of Simon Simopath a 1967, shi ma labari ɗaya ne. Kawu, ko kambun “na farko” ɗin da kake riƙe musu akwai mai ja.

Kawu Sule: Na san Simon Simopath. Bai kai rabin sa'a ba, kuma tatsuniyar yara ce. Amma Abdul, tsakaninka da Allah, ka saurari farkon Old Man Going ta cikin S.F. Sorrow, yadda ake kaɗa jitar da sauri, sannan ka sa Pinball Wizard ta cikin Tommy. Kunnenka bai ce maka komai ba?

Abdul Manchesta: Ya ce mini mutum biyu sun kaɗa jitar katako da sauri. Kawu a Landan ta 1968 kowa yana jin kowa, gidajen rawa ɗaya suke zuwa. In kama ta zama sata, to rabin makaɗan duniya ɓarayi ne.

Mai Jita: A nan ina tare da Abdul. Ni da nake aiki a situdiyo kullum, nakan yi wani salo in ɗauka nawa ne, bayan wata uku in gane daga rediyon mai shayi na tsince shi. Kuma gaskiya gardamar sata tana cinye lokacin da ya kamata a ba faifan kansa. Duk wanda zai yi magana a kansa sai ya fara da Tommy, kamar ba shi da suna sai “yayan wane”.

Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne aikin hannu. A situdiyon Abbey Road na kamfanin faifai EMI aka naɗe shi, daga ƙarshen 1967 har kusan shekara guda. Furodusan Norman Smith ne, wanda ya yi wa Beatles injiniyan sauti tun daga farko har Rubber Soul a 1965, kuma shi ya yi wa Pink Floyd faifansu na farko a 1967. Lokacin da suka fara, na'urar da ake aiki da ita a gidan layi huɗu gare ta. Huɗu fa! Yau yaro da kwamfutar cinya yana buɗe layi tamanin yana ƙorafi. Su in sun cika huɗun, sai a haɗe su a juye cikin layi ɗaya ko biyu a wata na'ura, a samu fili a ƙara. In ka juye, ka juye ke nan, ba ka da damar dawowa ka ce a rage ganga. Kuma kowace juya tana ƙara ƙazantar tef. Wato dole ka san ƙarshen waƙar tun kana farkonta. Da wannan suka tara muryoyi hawa-hawa a She Says Good Morning da Trust. Ku saurari Trust da abin kunne, za ku rantse mawaƙa goma ne.

Kawu Sule: Allah ya yi maka albarka. Ƙara musu da maganar ganga.

Mai Jita: Ana tsakiyar aikin mai gangarsu Skip Alan ya tafi, aka ɗauko Twink daga ƙungiyar Tomorrow ya ƙarasa. Faifai ɗaya, makaɗan ganga biyu, kuma sai ka natsu sosai kafin ka ji ɗinkin. Wurin da na fi so a Baron Saturday ne, inda komai ke tsayawa a tsakiya a bar ganguna su kaɗai suna zagaya kai. Dick Taylor ne ya rera wannan, ba Phil May ba, shi ya sa muryar ta fita daban, kamar wani baƙo ya shigo ɗakin.

Malam Habu: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Alhaji Sule, da girmanka, ina da tambaya biyu. Na ɗaya, wannan salon ba shi ne na 'yan ƙwaya ba? Na biyu, Baron Saturday ɗin nan na ji kamar sunan abin tsafi ne. Kada mu zo muna yaba abin da ba mu san tushensa ba.

Kawu Sule: Wa alaikumus salam Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. E, salon ya tashi tare da ƙwayar LSD, su kansu 'yan ƙungiyar ba su ɓoye cewa sun sha ba. Ba na yabon wannan. Na ga abin da ta yi wa mutane, kuma Syd Barrett na Pink Floyd, wanda ya yi aiki a wannan gini da wannan furodusa, a farkon 1968 aka ajiye shi saboda kansa ya ƙi zama daidai. Amma wanda ya zauna ya lissafa yadda zai cusa muryoyi da kayan kiɗa cikin layi huɗu, ba a buge ya yi lissafin ba. Aiki ne na natsuwa.

Na biyu kuma, sunan daga Baron Samedi aka ɗauko shi, wato wani iska a addinin Vudu na Haiti da ake danganta shi da maƙabarta. Samedi Asabar ke nan da Faransanci, suka mayar da shi Turanci. A labarin ba bauta masa ake ba, shi ne mugun. Shi ya raba yaron da sauran imanin da ya rage masa da mutane.

Hadiza Damagaram: Malam, mu da muka yi makaranta da Faransanci mun san sunan. Kuma Vudu ɗin ma asalinsa daga nan kusa ne, Dahomey, Benin ta yanzu, bayi suka tafi da shi. Ni da na ji bayanin Kawu sai na tuna yadda a tatsuniyoyinmu aljani kan ce wa mutum rufe idonka, ya buɗe ya gan shi a wata duniya. Bambancin kawai, namu yakan dawo da dukiya ko da wayo. Wannan ya dawo hannu rabbana.

Malam Habu: To na ji. Ni dai ba zan saurara ba, amma na gode da ba a ɓoye mini ba. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Kawu Sule: Amin Malam.

Binta Zariya: Na dawo. Na saurara daga farko har ƙarshe, minti arba'in da ɗoriya. Kawu kada ka yi fushi. Kiɗan ya yi daɗi, musamman Death, wadda aka sa sitar a ciki. Mu da muka tashi da waƙoƙin Indiya a gidan kakata, nan take na ji kamar na san wurin. Amma labarin da ka ba mu ban gan shi ba. Wallahi da ba ka faɗa ba, ba zan taɓa sanin cewa yarinyar tana cikin jirgin ba, ko cewa ya bar ƙasarsa. Ina jin Turanci daidai gwargwado, amma sai na ji waƙoƙi ne kawai a jere.

Kawu Sule: Ba laifinki ba ne 'yata. Bangon faifan buɗewa yake kamar littafi, a ciki aka buga labarin, sakin layi ɗaya tsakanin kowace waƙa da mai bi mata. Kana saurare kana karantawa. Ke a waya kika ji, an ba ki miya babu tuwo.

Abdul Manchesta: Yawwa! Binta kin gama mini aiki. Ba a kan sata gizo ke saƙar ba, a nan yake. Labarin da sai ka riƙe kwali a hannu kafin ka gane shi, yaya za a yi da shi a rediyo? Yaya za a yi da shi a dandali? Tommy faifai biyu ne, waƙoƙi 24, mutanen labarin suna magana da bakinsu a cikin waƙa. The Who suka ɗauke shi suka zaga duniya, suka kaɗa shi a bikin kiɗa na Woodstock a Agustan 1969 gaban dubban ɗaruruwan mutane, a 1975 Ken Russell ya mai da shi fim. Su Pretty Things fa? Abin da suka gina a situdiyo ya fi ƙarfin hannunsu a fili, ba su iya kaɗa shi kai tsaye ba a lokacin. Kawu, Hausawa suka ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Naka sun zo da wuri-wuri, nawa sun zo da wuri.

Kawu Sule: Ka iya magana, ban hana ka ba. Amma wa ya hana su wurin? EMI ta bar su sun yi kusan shekara a situdiyo, sannan ta saki faifan a lokacin da Beatles suka fitar da faifansu mai farin bango ran 22 ga Nuwamba, Stones kuma suka fitar da Beggars Banquet ran 6 ga Disamba. Saurayi da kuɗin faifai ɗaya a aljihu, wanne zai ɗauka? Ko The Kinks da suka fitar da Village Green a wannan tsakanin, haka suka sha ƙasa. Sannan EMI ba ta fitar da shi a Amurka ba. Sai daga baya a 1969 Rare Earth, wani reshe na kamfanin faifai Motown, ya fitar da shi, bayan Tommy ya gama cika gari. Suka canza bangon da Phil May ya zana da hannunsa, suka yanka kwalin da siffar dutsen kabari. Masu sharhi a can suka ɗauka kwaikwayon Tommy ne. Ka ji fa, wanda ya riga ka haihuwa a ce da kai yake kama. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abdul Manchesta: Wannan na yarda da shi, jinkirin Amurka ya cuce su. Amma ka ga yanzu laifin ya tashi daga kan Townshend ya koma kan kamfani. Mun ci gaba.

Mai Jita: Kuma a ƙara da nasu laifin. A shekarun 1960, lokacin da Stones da Who da Animals ke tsallakawa Amurka suna kafa suna, su ba su je ba. A 1965 New Zealand suka tafi, suka yi ta ɓarna har jaridun ƙasar suka yi musu ca, ba a jima ba suka rabu da mai gangarsu na lokacin, Viv Prince. Ba ka da masoya a kasuwa mafi girma, sannan ka kawo musu labarin mutumin da ya tsufa cikin kaɗaici. Wa zai tare ka?

Wani abin da mutane ba su sani ba, a wannan lokacin don su ci abinci suna naɗar waƙoƙi da sunan Electric Banana wa kamfanin De Wolfe, irin kiɗan da ake ajiyewa masu fim su zo su haya. Da rana aikin ƙwadago, da dare gina abin da suke fata zai ɗaga su. Duk mai aikin situdiyo a Kano ya san wannan rayuwar, ka yi tallar magani da safe don ka samu kuɗin waƙar da kake so.

Hadiza Damagaram: Ni kuma na saurara yanzu, kuma zan saɓa wa Binta kaɗan. Ban bi labarin daki-daki ba, amma ban ji na rasa shi ba. A ƙarshen Private Sorrow akwai murya da ke karanta sunayen sojojin da suka mutu ko suka ɓace, kiɗan yana tafiya kamar fareti, muryar ba ta nuna ko damuwa. Wannan ba ya buƙatar kwali. Yawancin waɗanda suka yi faifan an haife su ne cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sun tashi cikin gidajen da aka san irin wannan jerin. Sai kuma waƙar ƙarshe, Loneliest Person. Bayan duk hayaniyar Old Man Going, sai jita ɗaya da murya ɗaya, minti ɗaya da rabi, ta ƙare kafin ka shirya. Na mayar da ita sau huɗu. Ina ganin dalilin da ya sa bai sayu ba ya wuce kamfani. Tommy yana ƙarewa da jama'a suna amshi tare, kowa ya fita da ƙarfi a jiki. Wannan yana ƙarewa da tsoho a ɗaki. A 1968 matasa suna cewa za su canza duniya, su kuma suka ce musu ga yadda za ku ƙare.

Kawu Sule: Hadiza kin faɗi abin da na kasa faɗa tun jiya. Lokacin da na saye shi ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ɗaki ɗaya, sanyi, ba wanda zan yi wa Hausa sai ranar Juma'a. Balloon Burning nake so a lokacin saboda jitar. Jiya da na sa shi, waƙar ƙarshen ce ta zaunar da ni.

Binta Zariya: To daga baya sun samu wani abu kuwa, ko haka suka ƙare?

Abdul Manchesta: Sun samu girma, ba su samu kuɗi ba. Dick Taylor ya bar su bayan wannan faifan, shi ya yi wa Hawkwind furodusan faifansu na farko a 1970. Sauran suka yi faifan Parachute a 1970, masu sharhi suka yaba, kasuwa ta yi tsit. David Bowie ya sake rera waƙoƙinsu biyu, Rosalyn da Don't Bring Me Down, a Pin Ups a 1973. Led Zeppelin suka ɗauke su a kamfaninsu Swan Song a 1974. Ka ga manya sun san su sarai. Kawu ka shaida, ba ƙinsu nake ba.

Kawu Sule: Na shaida. Ka manta babba ɗaya. A 1998, shekara talatin cif, suka koma Abbey Road suka kaɗa S.F. Sorrow daga farko har ƙarshe, aka watsa ta intanet. David Gilmour na Pink Floyd ya riƙe musu jita, Arthur Brown kuma ya riƙa karanta labarin tsakanin waƙoƙi. An fitar da shi da sunan Resurrection. Binta, wannan za ki nema, a nan tuwon da miyar suke kwano ɗaya.

Abdul Manchesta: Wato bayan shekara talatin suka yarda da maganata, labarin yana buƙatar baki.

Kawu Sule: Yaron nan ba ka da kunya. To na ba ka wannan.

Mai Jita: Wasan bankwana sun yi shi a Landan a Disamban 2018, Gilmour da Van Morrison suka hau dandali tare da su. Phil May ya rasu a Mayun 2020 yana da shekara 75, bayan tiyatar da aka yi masa sakamakon faɗuwa daga keke. Af, Norman Smith ɗin ma daga baya ya zama mawaƙi da sunan Hurricane Smith, a farkon shekarun 1970 waƙoƙinsa suka hau sama a Ingila da Amurka. Furodusan ya samu abin da 'yan ƙungiyar ba su samu ba.

Hadiza Damagaram: Kawu, naka na sauti ɗaya ne ko na kunne biyu? Na ga an sa duka biyun a inda nake saurare, ban san wanda zan bi ba.

Kawu Sule: Nawa na kunne biyu ne. Mai Jita ya fi ni sanin wannan.

Mai Jita: In da abin kunne za ki ji, bi na kunne biyu, don gangunan Baron Saturday da hargitsin Well of Destiny a nan suke yawo. In a lasifikar waya ce ko ta mota, na sauti ɗaya ya fi nauyi, jitar Old Man Going takan fito kamar za ta fasa gilashi. Kawu, allurar garmahonka fa? In tsohuwa ce kada ka ƙara ɗora ta a kan faifan nan, za ta cinye shi.

Kawu Sule: Tun ta 1990 da wani abu ce.

Mai Jita: Innalillahi. Cire ta yau. Abdul, in za ka zo hutun Disamba ka taho masa da sabuwa, zan turo maka lambar samfurin in ya ɗauko mini hoton kan.

Abdul Manchesta: Zan kawo, da sharaɗin in na zo gaishe shi za mu sa Tommy, duka faifai biyun, yana zaune.

Kawu Sule: Gefe ɗaya. Kuma bayan mun ci abinci.

Binta Zariya: Kawu kafin nan ka ɗauki hoton cikin bangon ka turo mana, ina so in karanta labarin ina saurare yadda kuka yi.

Kawu Sule: Sai da safe in an kawo wuta, fitilar wayata ba ta nuna ƙananan rubutu. Gara ta ɗan ci gefen da aka rubuta labarin yaƙin, amma sauran yana karantuwa.